Bitamin, ma'adinai da rikicewar bugawar zuciya: yadda alaƙar take

A watan Agustan 2025, a taron likitocin zuciya na Turai da aka yi a birnin Madrid, masu bincike daga Denmak sun gabatar da sakamakon wani gwaji mai suna POTCAST. Abin da ya bazu a kafafen labarai shi ne cewa ɗaga sinadarin fotasiyam a jini yana rage haɗarin rikicewar bugawar zuciya. Shekara guda kafin nan, wani gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya da Jamus, mai suna TIGHT-K, ya nuna cewa yawaita bai wa marasa lafiya fotasiyam bayan tiyatar zuciya bai ƙara musu wata kariya ba. Ga kuma tallace-tallacen magniziyam da bitamin D da suka cika intanet, kowanne yana alkawarin kwantar da zuciya mai harbawa. Mutumin da ke jin ƙirjinsa yana dukan uku-uku da daddare, ya karanta waɗannan labarai, dole ya rasa na kamawa.

Alaƙar tana nan, kuma ilimin likitanci ya san da ita fiye da shekara ɗari. Amma ba duk sinadarai ne ke da hannu iri ɗaya a cikinta ba, kuma abin da ya ceci wani majinyaci yana iya zama ajalin wani.

## Kalmomin da ke kawo ruɗani

A Hausa muna cewa "bugun zuciya" ga abu biyu. Muna faɗa wa harbawar da zuciya ke yi kullum, muna kuma faɗa wa ciwon nan da ke kama mutum farat ɗaya idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe. A nan magana ce ta farko: tsarin bugawar, da abin da ke faruwa idan ya ɓaci.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungu da ke ƙirƙiro lantarki da kansa, shi ne ke ba da umarnin kowace bugawa. Saƙon ya ratsa ɗakunan sama, ya ɗan dakata a wata mahaɗa da ke tsakiya, sannan ya gangara ɗakunan ƙasa su matse su tura jini. A babban mutum da ke hutawa hakan na faruwa sau 60 zuwa 100 a minti, kusan sau dubu ɗari a rana.

Rikicewa ita ce duk lokacin da wannan tsari ya yi sauri fiye da kima, ko ya yi sanyi, ko ya rasa daidaito. Wata ba ta da illa, kamar ƙarin bugu ɗaya da ke shigowa kafin lokacinsa har mutum ya ji kamar zuciyarsa ta tsallake mataki, abin da ke samun masu lafiya da yawa. Wata kuma ita ce karkarwar ɗakunan sama, wadda likitoci ke taƙaitawa da AF. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 60 ne ke fama da ita a duniya a 2019, kuma tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, domin jini yana kwanciya a ɗakin da ba ya matsewa sosai har ya daskare. Mafi muni ita ce wadda ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, don tana iya kashe mutum cikin mintuna.

Sai bambancin bitamin da ma'adini, wanda masu talla ke yawan haɗewa wuri guda. Ma'adinai irin su fotasiyam, sodiyam, kalsiyam da magniziyam suna narkewa a ruwan jiki su ɗauki cajin lantarki, saboda haka da su ake yin lantarkin zuciyar kansa. Bitamin ba ya ɗaukar wannan aiki. Idan ya taɓa bugawar zuciya, ta bayan gida yake bi: ta hanyar jini, ko tsokar zuciya, ko ta sauya yawan wani ma'adini.

## Zuciyar kwaɗo da ruwan famfo

A farkon shekarun 1880 wani likita a Landan, Sydney Ringer, yana gwajin yadda za a ciro zuciyar kwaɗo ta ci gaba da bugawa a cikin ruwan gishiri. Ya ga tana bugawa na sa'o'i, ya wallafa sakamakonsa. Daga baya ya gano cewa mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin, maimakon tataccen ruwa. Da aka maimaita da tataccen ruwa sai zuciyar ta mutu da wuri. Abin da ke cikin ruwan famfon shi ne kalsiyam. A 1883 Ringer ya bayyana cewa zuciya ba ta bugawa sai da kalsiyam, kuma sai an sa fotasiyam daidai gwargwado ya daidaita shi. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti mai ɗauke da sunansa daga nan ya samo asali.

Abin da Ringer ya gani da ido, yanzu an san yadda yake gudana. Tsokar zuciya ta ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sel, kowanne da bango mai ƙofofi. Idan sel yana hutawa, fotasiyam ya fi yawa a cikinsa, sodiyam da kalsiyam sun fi yawa a waje. Da saƙon lantarki ya iso sai ƙofar sodiyam ta buɗe ya kwararo ciki, kalsiyam ya biyo baya a hankali ya sa tsokar ta matse, sannan fotasiyam ya fita waje don sel ya koma yadda yake ya jira bugu na gaba. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. Akwai kuma wani famfo a jikin bangon da ke mayar da kowa gidansa, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Jens Christian Skou ɗan ƙasar Denmak ne ya gano shi a 1957, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1997. Famfon nan ba ya aiki sai da magniziyam.

A takardar gwajin ECG, wanda ke zana lantarkin zuciya, lokacin da ɗakunan ƙasa ke ɗauka daga karɓar saƙon lantarki zuwa komawa hutu shi ake kira tazarar QT. Idan tazarar ta yi tsawo, sabon bugu yana iya faɗowa kafin zuciya ta gama shiri, daga nan ne rikici mai haɗari ke farawa. Ƙarancin fotasiyam, da na magniziyam, da na kalsiyam, duka uku suna iya tsawaita ta.

## Fotasiyam: ƙunƙuntar hanya mai rami a kowane gefe

Yawan fotasiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin milimol a kowace lita. Kusan kashi 98 cikin ɗari na fotasiyam ɗin jiki yana cikin sel, ɗan abin da ke yawo a jini shi ake aunawa, kuma ƙoda ce ke tsare shi a wannan iyaka. Ƙasa da 2.5, ko 6.5 zuwa sama, lamari ne na gaggawa ko da mutum yana jin kansa garau.

Ƙarancinsa ba kasafai yake zuwa daga rashin cin abinci mai kyau kaɗai ba, domin ƙoda mai lafiya tana iya rage zubar da shi. Galibi asara ce ake yi ta wata kafa. Gudawa da amai na kwanaki suna kwashe shi. Magungunan sa fitsari da ake bai wa masu hawan jini da masu kumburin ciwon zuciya, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, suna fitar da shi ta fitsari. Yawan shan maganin wanke ciki haka. Insulin da salbutamol na masu asma kuwa ba fitar da shi suke yi ba, tura shi suke yi daga jini zuwa cikin sel. Akwai kuma masu hawan jinin da wani sinadarin jiki mai suna aldosterone ya yi musu yawa, ƙodarsu na ta zubar da fotasiyam shekara da shekaru ba a gane ba. Ruwa ba ya tsami banza: idan gwaji ya nuna ƙaranci, likita mai lura zai nemi kafar da yake zurarewa kafin ya tsaya ga cikawa.

A ɗauki misalin mai ciwon zuciya da ke shan furosemide da digoxin, maganin ƙara wa zuciya ƙarfi, yana zaune lafiya da su wata da watanni. Sai gudawa ta kama shi kwana uku, ba ya iya cin komai, amma yana ci gaba da shan magungunansa a kan kari don an ce kada ya fasa. Fotasiyam ya sauka, ƙoda ta yi rauni saboda bushewar jiki, digoxin ya taru. Ƙarancin fotasiyam yana ƙara wa digoxin ƙarfin kama zuciya, sai adadin da ya saba sha ya zama masa guba. Ya fara jin tashin zuciya, ganinsa ya sauya launi, bugun hannunsa ya rikice. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da zai kai shi ga haka shi kaɗai, haɗuwarsu ce ta yi aikin. Mafi yawan rikicewar da ma'adinai ke jawowa a irin wannan haɗuwa take faruwa.

Ɗaya ramin shi ne yawa. Idan fotasiyam ya hau sosai, sel ba ya iya komawa hutu yadda ya kamata, saƙon lantarki ya yi ta sanyi har ya tsaya. Likitocin tiyata sun san haka sarai, domin da ruwa mai yawan fotasiyam suke tsayar da zuciya da gangan idan za su yi aiki a cikinta. Masu ciwon ƙoda su ne a sahun gaba wajen wannan haɗari. Sai masu shan magungunan da ke riƙe fotasiyam a jiki: lisinopril da danginsa, losartan da danginsa, spironolactone, da magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, har da maganin ƙwayoyin cuta na trimethoprim.

Akwai darasi a tarihin spironolactone. A 1999 wani babban gwaji mai suna RALES ya nuna yana rage mutuwar masu raunin zuciya, likitoci suka rungume shi. A 2004 masu bincike a lardin Ontariyo na Kanada suka nuna cewa bayan fitowar sakamakon, kwantar da mutane a asibiti da mutuwa saboda hauhawar fotasiyam sun ƙaru ƙwarai. Maganin bai sauya ba. A cikin gwajin an tace waɗanda aka bai wa, ana kuma auna jininsu a kai a kai, a waje kuwa an bai wa tsofaffi masu raunin ƙoda ba tare da irin wannan sa ido ba.

## Magniziyam: inda fata ya fi sakamako yawa

Akwai wuri ɗaya da babu gardama a kan magniziyam. Wani nau'in rikicewar ɗakunan ƙasa da likita Bafaranshe François Dessertenne ya siffanta a 1966, wanda ke biyo bayan tsawaitar QT kuma layinsa a ECG yake murɗawa kamar igiya, maganinsa na farko allurar magniziyam ce ta jijiya, ko da gwaji ya nuna magniziyam ɗin majinyacin bai yi ƙasa ba. An kuma san cewa idan magniziyam ya yi ƙasa, ƙoda tana ci gaba da zubar da fotasiyam, a yi ta ƙarawa ba ya zama, sai an gyara magniziyam ɗin tukuna.

Masu rasa shi su ne masu yawan shan barasa, masu ciwon suga da bai daidaita ba, masu gudawa mai daɗewa, masu shan maganin sa fitsari, da waɗanda suka daɗe a kan magungunan gyambon ciki irin su omeprazole. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan na ƙarshe a 2011. Aunawa ma tana da nata cikas, domin ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na magniziyam ɗin jiki ne ke cikin jini, mafi yawa yana cikin ƙashi da tsoka. Jini yana iya nuna daidai alhali ajiyar ta ragu.

Daga nan hujja take fara raguwa. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka wallafa a 2013, ya bi mutum kusan 3,500, ya ga waɗanda magniziyam ɗin jininsu ya fi na kowa ƙasa sun fi saurin kamuwa da AF da kusan kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare. Bai nuna cewa shan ƙwayar magniziyam zai hana AF ba, kuma masana suna taka-tsantsan a nan saboda sun taɓa ƙonewa. A 1992 gwajin LIMIT-2 mai mutum kusan 2,300 ya nuna kamar allurar magniziyam tana rage mutuwa bayan toshewar jijiyar zuciya. Da aka gwada a kan mutum dubu 58 a ISIS-4 a 1995, ba a ga amfanin ba. Gwajin MAGIC na 2002 mai mutum fiye da dubu shida shi ma bai gani ba.

Magniziyam na cikin abinci ba ya yi wa mai lafiyar ƙoda yawa. Na ƙwaya kuwa yana sa gudawa idan ya yi yawa, gudawar ta tafi da fotasiyam. Ga mai ciwon ƙoda yana taruwa ya sanyaya bugawar zuciya ya saukar da hawan jini ƙasa da kima.

## Kalsiyam da bitamin D

Jiki yana tsaron kalsiyam na jini da kishi, idan ya ragu daga ƙashi yake ɗebowa. Shi ya sa ƙarancinsa a jini yawanci alama ce ta wata matsala: ciwon ƙoda, ko lahani ga ƙananan ƙullutan wuya da ke sarrafa shi bayan tiyatar maƙoƙo, ko matsanancin rashin bitamin D, ko ƙarancin magniziyam. Ƙarancinsa yana tsawaita QT, yawansa yana gajarta ta.

Bitamin D shi ya fi kowanne samun talla, kuma shi ne misalin da ya fi bayyana bambancin gani da gwadawa. Bincike da dama sun ga masu ƙarancinsa sun fi samun AF. Amma mai ƙarancin bitamin D sau da yawa tsoho ne, ko mai ƙiba, ko mara lafiyar da ba ya fita rana, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana jawo AF da kansa. Hanyar rabe zare da abawa ita ce a raba mutane ta ƙuri'a, a bai wa wasu bitamin wasu kuma ƙwayar da babu komai a ciki. An yi hakan a Amurka a gwajin VITAL Rhythm da aka wallafa a 2021: mutum dubu 25, awo 2,000 na bitamin D a rana (a ma'aunin IU da ake auna shi da shi), sama da shekara biyar. Yawan masu kamuwa da AF bai bambanta ba.

Masu goyon bayan bitamin D suna da abin kafa hujja su ma. Wani gwaji a Finlan mai mutum kusan 2,500, wanda aka sake nazarin alƙalumansa a 2023, ya nuna raguwar AF da kusan kashi 30 cikin ɗari ga masu shansa. Suna kuma cewa yawancin mutanen gwajin Amurka ba su da ƙaranci tun farko, don haka bai amsa tambayar masu ƙarancin gaske ba. Masu suka suna amsawa da cewa gwajin Finlan ƙarami ne, kuma ba don AF aka tsara shi ba, daga baya aka duba. A ma'aunin hujja, babban gwajin da aka tsara don tambayar ya fi nauyi. Gyara ƙarancin da aka auna aka tabbatar yana da dalilansa, musamman don ƙashi, amma shan bitamin D don kare kai daga AF bai samu tabbaci ba. Iyakar da hukumomin lafiya na Amurka da Turai suka sa wa babba ita ce awo 4,000 a rana, kuma wuce ta da nisa na tsawon lokaci yana ɗaga kalsiyam har ya taɓa ƙoda da zuciya.

Man kifi mai omega-3 ba bitamin ba ne, amma da yake tare ake tallarsu ya kamata a ambata: nazarin da ya haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai a 2021 ya nuna yana ƙara haɗarin AF, musamman idan ya wuce giram ɗaya a rana.

## Masu bi ta bayan gida

Ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko bitamin B12, ko folik asid, yana kawo ƙarancin jini. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta isar da iskar oksijin, mutum ya riƙa jin harbawarta idan ya hau bene ko ya yi saurin tafiya. Lantarkin lafiya lau yake, aiki ne ya yi mata yawa, kuma da jini ya dawo sai ta lafa. Yawan ƙarfe kuwa, ga waɗanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ko masu gadon tara shi, yana zama a tsokar zuciya ya lalata ta.

Rashin bitamin B1 yana kawo cutar beriberi, wadda nau'inta ɗaya ke kumbura jiki ya raunana zuciya ya sa ta gudu. Rashin seleniyam an danganta shi da ciwon zuciyar da ya ɓulla a gundumar Keshan ta arewa maso gabashin Sin a 1935, wanda ya ragu sosai bayan an fara bai wa jama'ar yankin seleniyam a shekarun 1970. Sinadarin aidin idan ya yi yawa yana iya tunzura ƙullin tayirod da ke wuya, tayirod mai wuce gona da iri kuwa sanannen mai jawo AF ne. Sai wanda ya daɗe cikin yunwa aka ciyar da shi da yawa lokaci guda: fosfet, fotasiyam da magniziyam su ruga cikin sel, jini ya rasa su, zuciya ta rikice. Shi ya sa ake fara ciyar da irin waɗannan majinyata kaɗan-kaɗan.

## Me ya sa gwaje-gwajen biyu suka saɓa?

Idan aka duba waɗanda aka gwada, saɓanin ya ragu. TIGHT-K ya ɗauki mutum 1,690 da aka yi wa tiyatar sauya hanyar jijiyoyin zuciya. An riƙa bai wa rukuni ɗaya fotasiyam da zarar ya sauka ƙasa da 4.5, ɗaya rukunin sai ya sauka ƙasa da 3.6. AF ta kama kusan kashi 26 a na farko, kusan kashi 28 a na biyu, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Tambayarsu a kan ɗakunan sama ce, cikin 'yan kwanaki bayan tiyata, lokacin da kumburi da rauni ke tayar da zuciya.

POTCAST ya ɗauki mutum 1,200 da aka riga aka dasa wa na'urar farfaɗo da zuciya a ƙirji saboda suna cikin haɗarin rikicewar ɗakunan ƙasa, kuma fotasiyam ɗinsu bai wuce 4.3 ba. An yi ƙoƙarin ɗaga na rabinsu zuwa tsakanin 4.5 da 5.0 ta hanyar abinci, ƙwayar fotasiyam, ko magani irin spironolactone, ana auna jini a kai a kai. Bayan fiye da shekara uku, munanan abubuwan da ake ƙirgawa, irin su rikicewar ɗakunan ƙasa, kwanciya a asibiti ko mutuwa, sun samu kusan kashi 23 a cikinsu, kashi 29 a ɗaya rukunin. Ba a sa masu matsanancin ciwon ƙoda ba. Wasu masana sun lura cewa magani irin spironolactone yana amfanar zuciya da kansa, don haka da wuya a ce duk ribar ta fotasiyam ce.

Zukata daban, tambayoyi daban. Babu ɗayansu da ya gwada mai lafiyar da ya sayi ƙwayar fotasiyam ya sha a gida.

## Abin da hakan ke nufi ga mutane

Mai lafiyar ƙoda da ba ya shan magani na kullum, abincinsa ya ishe shi kafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana ga babba, daga ganyaye, 'ya'yan itatuwa da dangin wake, da kuma gishiri ƙasa da giram biyar. Ribar wannan ta fi fitowa ta hanyar saukar da hawan jini, hawan jini kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mutum ga AF.

Gishirin da aka rage wa sodiyam aka cika da fotasiyam ya nuna yadda shawara ɗaya ke da fuska biyu. A wani gwaji na 2021 a ƙauyuka 600 na Sin, mai mutum kusan dubu 21, ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Amma ba a sa masu tsananin ciwon ƙoda da masu shan maganin sa fitsari mai riƙe fotasiyam, irin spironolactone, ba, kuma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kansa a farkon 2025 ba ta haɗa da masu matsalar ƙoda ba. Ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Mai ciwon suga ko hawan jini na shekaru da bai taɓa auna ƙodarsa ba, idan ya koma wannan gishiri yana kan lisinopril, yana iya zuwa neman gira ya rasa ido.

Waɗanda gwajin jini ya fi wajaba a kansu su ne masu ciwon ƙoda, masu raunin zuciya, da duk wanda aka fara bai wa ɗaya daga magungunan da aka ambata ko aka ƙara masa adadi. Ana yawan aunawa cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan sauyin. Irin waɗannan mutane idan gudawa ko amai ya kama su, tuntuɓar likita a kan magungunansu ya fi ci gaba da sha a makance. Haka wanda za a rubuta wa maganin da ke tsawaita QT, kamar azithromycin, ciprofloxacin, haloperidol, ondansetron ko kwinin, yana da kyau likita ya san idan kwanan nan ya yi rashin ruwa a jiki. Masu AF da ke shan warfarin don hana daskarewar jini suna da nasu batun da bitamin K: ba ya taɓa bugawar zuciya, amma yana rage ƙarfin maganin. Abin da ake so shi ne su riƙe cin ganye a kan ma'auni ɗaya, kada su daina, kada kuma su fara ƙwayar bitamin ba da sanin likita ba.

Harbawar zuciya tana da dalilai da yawa da ba su shafi ma'adinai ba: fargaba, rashin barci, zazzaɓi, barasa, kafeyin, juna biyu, tayirod, ciwon zuciyar kansa. Ba a rarrabe su da ji a jiki, sai da ECG, wani lokaci da na'urar da ake maƙala wa mutum ya kwana da ita. Idan harbawar ta zo da suma, ko jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko kuma akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi a dangi, asibiti ake nufa nan take.

Sakamakon gwajin ma yana buƙatar mai karanta shi. Idan an ɗaure hannu ya daɗe wajen ɗibar jini, ko mutum ya yi ta dunƙule hannu yana saki, ko jinin ya jima a kwalba kafin a auna, tsokar hannu ko ƙwayoyin jini suna zubo fotasiyam ɗinsu, takarda ta nuna 6 alhali na jiki 4 ne. Shi ya sa idan adadin bai yi daidai da halin majinyaci ba ake yin ECG a sake ɗibar jini. Idan kuma hauhawar ta gaske ce har ta bayyana a ECG, abin da ake fara yi shi ne allurar kalsiyam, wadda ba ta rage fotasiyam ko kaɗan, tana dai tsare zuciya na ɗan lokaci, kafin insulin da gulukos su tura shi cikin sel, sannan ƙoda ko na'urar wankin ƙoda ta fitar da shi daga jiki.